Idan Kwamfuta Ta Ce Lasisinta Bai Tabbata Ba: Yadda Ake Gano Matsalar

Gabatarwa

Duk wanda ya saba zama gaban kwamfutar gida ko ta ɗakin kwanan ɗalibai, da wuya a ce bai taɓa ganin wani dusashen rubutu a kusurwar allo ta ƙasa, ɓangaren dama, mai cewa "Activate Windows" ba. Wani lokaci kuma wani shuɗin akwati ne yake faɗowa tsakiyar allo ana cikin aiki, yana sanar da cewa lasisi ya kusa ƙarewa. Da yawa daga cikinmu da zarar mun ga haka sai hankali ya tashi, musamman 'yan ajin ƙarshe masu rubuta kundin kammala digiri. Sai a sungumi na'ura a garzaya wurin mai gyara, shi kuwa galibi maganinsa ɗaya ne, wato a yi mata fomat, a goge komai a sake zubi. A nan ne akan yi asarar babi biyu ko uku na kundi, da muryoyin da aka sha wahalar ɗauka a wurin bincike. Garin neman gira an rasa ido.

A wannan darasi ina so in nuna wa 'yan'uwana ɗalibai cewa wannan gargaɗi alama ce kawai, kamar zazzaɓi a jikin mutum, kuma abubuwa da yawa ne suke kawo shi. Wanda ya san irin lasisin da ke kan na'urarsa, ya kuma karanta lambar da ke tare da gargaɗin, yakan warware matsalar da kansa ba tare da ya goge ko harafi ɗaya ba.

Kalmomin da zan yi amfani da su

Tun da mu ɗaliban harshe ne, bari mu fara daidaita kalmomi. Windows ita ce abin da ake kira babbar manhaja, wato manhajar da take tafiyar da na'urar gaba ɗaya, sauran manhajoji kuma suke hawa kanta. Kamfanin Microsoft na Amurka ne yake yin ta. Idan mutum ya biya kuɗi, izinin amfani da ita ya saya, wannan izini kuwa shi ne lasisi. Shaidar lasisin ita ce lambar mabuɗi, mai ɗauke da haruffa da alƙaluma 25, an kasa su gida biyar, kowane gida biyar-biyar.

Kalmar da ta fi ba ni wuya ita ce ta aikin da ake yi domin kamfanin ya amince da lasisin. Na ji wasu suna cewa "kunna Windows". A ganina wannan zai rikita mai koyo, domin a Hausa kunna kwamfuta shi ne danna maɓalli ta kama wuta, kuma Windows da ba a yi wa wannan aiki ba ai tana kunnuwa lafiya lau. Saboda haka na zaɓi in ce "tabbatar da lasisi". Idan wani ɗalibi yana da wadda ta fi wannan dacewa, shafukan mujallar nan a buɗe suke.

Daga ina abin ya samo asali?

Kafin shekarar 2001, mutum yakan shigar da lambar mabuɗi lokacin zuba Windows, shi ke nan magana ta ƙare, ko da kuwa faifai ɗaya da lamba ɗaya aka yi wa kwamfuta hamsin amfani da su. Da Windows XP ta fito a watan Oktoba na 2001 sai kamfanin ya sa sharaɗi: a cikin kwana 30 sai an tabbatar da lasisi, ta intanet ko ta tarho, in ba haka ba na'ura ta hana shiga. Windows Vista ta zo da tsanani irin wannan, har kamfanin ya sassauta a 2008. A zamanin Windows 7, wadda ta fito a 2009, hukuncin shi ne bangon allo ya koma baƙi ƙirin, tare da rubutun da ke cewa wannan kwafi ba na asali ba ne.

Canji biyu ne suka fi shafar mu a yau. Na farko, tun daga Windows 8 a 2012, manyan kamfanonin ƙera kwamfuta suka daina buga lambar mabuɗi a kan takardar da ake mannawa a gindin na'ura, suka koma binne ta a cikin babban allon da ke cikin na'urar, wanda masu gyara suke kira "bod". Na biyu, da Windows 10 ta fito a ranar 29 ga Yuli 2015, sai aka shigo da lasisin dijital. Ma'anarsa ita ce, kamfanin yana ajiye kamannin kayan cikin na'urarka a wurinsa, ta yadda in ka sake zuba Windows iri ɗaya a kan wannan na'ura, zai gane ta da kansa ba sai ka shigar da lamba ba. Windows 11 ta 2021 ma a kan wannan tsari take.

Abin da gargaɗin yake hanawa, da abin da ba ya hanawa

A Windows 10 da 11, rashin tabbatar da lasisi ba ya goge fayil, ba ya kulle na'ura. Abin da yake yi shi ne ya bar wannan rubutu a kusurwar allo, ya kuma hana ka sauya hoton bango da launuka. Kana iya buga rubutunka, ka shiga intanet, ka ƙara madannan Hausa domin samun ɓ da ɗ da ƙ. Wannan ba ya nufin ya halatta a zauna haka har abada, domin sharaɗin kamfanin shi ne a yi amfani da manhajar da lasisi. Abin nufi, babu gaggawar da za ta sa ka miƙa na'urarka a goge ta a daren da za ka miƙa babi ga malami.

Sai dai a kula, akwai wani gargaɗi mai kama da wannan wanda ɗalibai suke gwamutsawa da shi, wato na Microsoft Office, kunshin da Word take ciki. Lasisin Office daban ne da na Windows. Idan nasa ya faɗi, za ka ga sanarwa a saman shafin Word, kuma bayan wani lokaci sai ta bar ka ka karanta rubutunka amma ta hana ka gyara ko ƙara komai. Wannan shi ne mai tsayar da aiki. Wanda ya shiga wannan hali cikin dare, zai iya sauko da LibreOffice, wadda kyauta ce kuma tana buɗe fayilolin Word, ya ci gaba da aikinsa kafin gari ya waye.

Akwai kuma gargaɗi na uku, na 'yan damfara. Yakan bayyana ne a cikin manhajar shiga intanet, da jan rubutu da ƙara mai firgitarwa, yana cewa lasisinka ya mutu, ka kira lambar waya kaza. Saƙonnin gargaɗi na gaskiya daga Microsoft ba sa zuwa da lambar waya. A rufe shafin kawai.

Tambaya ta farko: wane irin lasisi ne a kan na'urar?

Nan ne zuciyar darasin, don haka zan ɗan daɗe a kai. Lasisin Windows iri uku ne. Akwai wanda kamfanin da ya ƙera na'ura ya sa mata tun daga masana'anta. Wannan a ɗaure yake da na'urar, tare suke rayuwa, tare suke mutuwa. Akwai wanda mutum yake saye da kansa, wanda zai iya cirewa daga tsohuwar na'ura ya kai sabuwa, muddin a kan na'ura ɗaya yake aiki a lokaci guda. Sannan akwai na sari, wanda manyan ma'aikatu da bankuna da makarantu suke saye domin ɗaruruwan na'urori.

Domin ka san naka, danna maɓallin mai tambarin Windows tare da harafin R. Ɗan akwati zai fito, sai ka rubuta slmgr.vbs /dli ka danna Enter. Bayan ɗan lokaci bayani zai fito. A layin da ke bayyana irin lasisin, idan ka ga OEM, na masana'anta ne. Idan ka ga RETAIL, na sayen kai ne ko na dijital. Idan kuwa ka ga VOLUME, na sari ne. Sai ka sake buɗe akwatin ka rubuta slmgr.vbs /xpr. Wannan zai gaya maka ko lasisin na dindindin ne, ko kuma ya nuna maka ranar da zai ƙare.

To, me ya sa kwamfutar gida za ta nuna ranar ƙarewa? Amsar tana cikin tarihin na'urorin da muke saye. Yawancinmu ba sabuwa muke saye a kwali ba. Ta hannu muke saye, wadda a nan Kudu ake ce wa tokunbo, Bahaushe kuma ya ce ta gwanjo. Da yawa daga cikinsu sun yi aiki a ofisoshin Turai ko Amurka kafin su iso kasuwanninmu. A irin waɗannan ofisoshi akan yi amfani da wani tsari na lasisin sari mai suna KMS. A ƙarƙashinsa, ma'aikatar tana da wata babbar kwamfuta wadda sauran suke zuwa wurinta karɓar tabbaci. Tabbacin na kwana 180 ne, kuma kowace na'ura takan nemi sabuntawa duk bayan kwana bakwai. Kamar ma'aikaci ne da katin shaidarsa yake buƙatar hatimin ofis duk bayan wata shida. Muddin yana zuwa aiki ba zai ma san ana bugawa ba. Ranar da ya bar garin, kwanakin katin sun fara ƙirguwa. Na'urar da ta baro ofishinta a ƙasar waje ta iso ɗakinka ba ta da hanyar komawa wurin mai hatimi, don haka in wa'adi ya matso sai ta fara kuka.

Hanya ta biyu da VOLUME yake hawa kwamfutar gida ita ce ta hannun masu zuba manhaja. Wasu sukan sa wata 'yar manhaja ta bayan fage mai kwaikwayon waccan babbar kwamfuta ta ofis, ta yaudari Windows. Ranar da manhajar kariya ta gano ta ta cire, gargaɗi ya dawo. Shi ya sa za ka ji ɗalibi yana cewa duk bayan 'yan watanni sai ya koma shago an "sabunta" masa, yana biya.

Ga abin da mutane da yawa ba su sani ba: sau tari irin wannan na'ura tana da halastaccen lasisinta na masana'anta a binne cikin bod, an dai zuba wata Windows ce a kansa. Domin dubawa, buɗe PowerShell ka rubuta wannan layi daidai yadda yake:

Get-CimInstance SoftwareLicensingService | Select-Object OA3xOriginalProductKey

Idan akwai lamba a binne, za ta fito. Ka rubuta ta a takarda ka adana, kada kuma ka tura wa kowa hotonta. Daga nan sai ka shiga Settings, ka zaɓi System, sannan Activation, in Windows 11 ce. A Windows 10 kuwa ta Update & Security ake bi. A nan akwai wurin sauya lambar mabuɗi, sai ka shigar da taka. Na gwada wannan a kan wata kwamfutar hannu ta gidanmu wadda aka saya da Windows 10 Enterprise, irin ta ma'aikatu. Lambar da ke binne ta Pro ce, kuma da aka shigar da ita na'urar ta koma Pro, gargaɗin ya ɓace, fayil ko ɗaya bai taɓu ba.

Amma akwai sharaɗi biyu. Windows tana da nau'o'i, waɗanda suka fi yawa a hannunmu su ne Home da Pro, kuma mabuɗin wannan ba ya buɗe wancan. Idan lambar da ke binne ta Home ce alhali an zuba maka Pro, to komawa Home sai da sabon zubi. A nan kam sai ka kwashe fayilolinka zuwa filashi ko wata ma'ajiya, ka buɗe su a wata na'ura ka tabbata sun kwafu, sannan a yi zubin. Sharaɗi na biyu ya shafi tsofaffin na'urori. Shekaru da dama lambar Windows 7 ko 8 tana tabbatar da Windows 10, amma Microsoft ya rufe wannan ƙofa a watan Satumba na 2023. Na'urar da ta riga ta sami lasisin dijital kafin lokacin tana nan da abinta. Wadda ba ta samu ba, tsohuwar lambarta ba za ta yi mata ba.

Tambaya ta biyu: wace lamba ce take tare da gargaɗin?

A wancan shafi na Activation, ƙarƙashin bayanin matsalar, akan sami wata lamba mai farawa da 0x. Yawancin mutane ba sa kallon ta, alhali ita ce take faɗin ciwon.

Wadda ta fi sauƙin magani ita ce 0x80072F8F. Galibi tana nufin agogo ko kwanan watan na'urar ba daidai yake ba, don haka ta kasa yin magana da kamfanin. A cikin yawancin kwamfutoci akwai ɗan ƙaramin batir mai kama da kwabo, wanda yake riƙe agogo idan an kashe na'ura. A tsohuwar na'ura yakan mutu, sai ka kunna ka ga ta koma wata shekara da ta wuce tuntuni. Ka gyara kwanan wata, ka sake gwadawa. Idan kullum sai agogon ya ɓata, a sauya batirin. A kwamfutar tebur yawanci mai lamba CR2032 ne, irin wanda ake samu a wurin masu gyaran agogo.

Idan ka ga 0xC004F074 ko 0x8007232B, maganar KMS ce da muka yi a sama: na'urar tana neman babbar kwamfutar ofis ba ta same ta ba. Sake gwadawa sau ɗari ba zai yi amfani ba, sai an sauya lasisin. Lamba 0xC004F210 tana nufin mabuɗin da nau'in Windows ba su dace ba, kamar a sa na Home a kan Pro. Ita kuwa 0xC004F050 cewa take yi lambar da aka shigar ba ta karɓu ba. Kafin ka yanke ƙauna, sake duba abin da ka buga, domin 8 da B suna kama da juna a dusasshiyar takarda, haka ma G da 6.

Akwai biyu masu ɗaci. 0xC004C008 tana nufin an riga an yi amfani da wannan lamba a wata na'ura, ko an wuce adadin da aka yarda. 0xC004C003 kuma sau da yawa tana nufin kamfanin ya toshe lambar. Waɗannan su ne suke bin masu sayen lamba mai arha a intanet. Wasu daga cikin irin waɗannan lambobi na sari ne da aka fitar daga wata ma'aikata ana sayar wa mutane da yawa. Za su yi aiki yau, bayan wata uku a toshe su, mai sayarwa kuma ya daina ɗaukar waya. Araha ba ta ado.

Sai 0xC004F211 da 0xC004F213 da 0x803F7001, waɗanda sukan fito bayan gyara. Ƙara ƙwaƙwalwar na'ura ko sauya ma'ajiyar fayiloli ba kasafai yake taɓa lasisi ba. Amma in aka sauya bod, kamar yadda yakan faru idan wutar lantarki ta dawo da ƙarfi ta ƙona shi, to a wurin Microsoft wannan sabuwar na'ura ce. Tun 2016 akwai mafita ga wanda ya haɗa lasisinsa na dijital da asusunsa na Microsoft kafin ɓarnar ta auku. Zai shiga shafin Activation, ya danna Troubleshoot, ya zaɓi layin da ke cewa ya sauya kayan na'ura kwanan nan, ya shiga asusunsa, ya nuna na'urar. Wannan ya fi tabbata ga lasisin sayen kai. Na masana'anta yana iya ƙin bin sabon bod, tun da da tsohon aka ɗaure shi. Shawarata ita ce duk mai lafiyayyen lasisi ya yi wannan haɗi tun yau. Idan an haɗa, shafin zai rubuta cewa lasisin dijital ɗin yana haɗe da asusunka.

Idan babu lasisi ko kaɗan fa?

Wani zai bi duk matakan nan ya tarar babu lamba a binne, babu lasisin dijital. Abin da abokai za su fara ba shi shawara shi ne ya sauko da manhajar fasa lasisi, wadda ta fi shahara a cikinsu ita ce KMSpico. Ban ga hikimar haka ba. Ta fuskar doka, Dokar Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ta 2022 tana kare manhajar kwamfuta, kuma abin sha'awa ga ɗalibin harshe, a rukunin ayyukan adabi ta sa ta, tare da littattafai. Ta fuskar tsaro kuma, kafin a sa irin wannan manhaja sai an ce ka kashe manhajar kariya, wato ka kori maigadi da hannunka. A 2021 masu binciken tsaro na kamfanin Red Canary sun bayyana yadda aka cusa wata manhajar satar bayanai mai suna Cryptbot a cikin jabun KMSpico, tana kwashe kalmomin sirri daga na'urorin mutane. Na'urar da kake shiga asusun banki da shafin rijistar makaranta da ita ba wurin irin wannan caca ba ce.

Hanyoyi na halal biyu ne. Ko dai a sayi lasisi daga shagon Microsoft da ke cikin Windows ɗin kanta ko daga amintaccen dillali, a karɓi rasit, ko kuma a bar Windows a koma babbar manhaja ta kyauta irin su Ubuntu da Linux Mint, waɗanda ba sa neman lambar mabuɗi, kuma sun wadatar wajen buga kundi da bincike a intanet. Kafin a kashe kuɗi a lura da wannan: Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma tsofaffin na'urori da yawa ba su cika sharuɗɗan hawa Windows 11 ba. Kamfanin yana da wata 'yar manhaja ta kyauta mai suna PC Health Check wadda take duba na'ura ta faɗi ko za ta ɗauki Windows 11. A fara gwada ta, in ta ce na'urar ba za ta ɗauka ba, kuɗin lasisin gara a tara shi a kan na sayen wata na'urar.

Wanda kuma zai sayi ta hannu a kasuwa, ya roƙi mai shago ya kunna ta, ya buga slmgr.vbs /dli da slmgr.vbs /xpr a gabansa. Minti biyu ya isa. Idan VOLUME ya fito tare da ranar ƙarewa, sai a duba ko akwai lamba a binne cikin bod. In babu, a cire kuɗin lasisi daga farashin kafin a biya.